Dakon Littafin da Bai Fito Ba Tukuna

A daren Juma'a, 20 ga Yulin 2007, dubban mutane sun yi layi a ƙofar kantunan littattafai a Landan da New York da sauran manyan birane. Yara ne da iyayensu da samari, wasu sanye da baƙaƙen alkyabbu da dogayen huluna irin na matsafan cikin labari, kowa ido a kan agogo, ana jiran sha biyun dare ta buga. Littafi suke jira, na bakwai kuma na ƙarshe a jerin Harry Potter na J.K. Rowling. Kafin awa 24 ta cika an sayar da kwafi kusan miliyan 11 a Birtaniya da Amurka kaɗai. Shekara goma kafin wannan dare, a 1997, kamfanin Bloomsbury ya buga littafin farko kwafi 500 kacal masu bango mai tauri, kuma fiye da rabinsu ɗakunan karatu aka kai.

Daɗin labari kaɗai bai isa ya fitar da mutum daga gida da tsakar dare ba. Sai an haɗa masa da jira, kuma jiran nan gina shi ake yi. Marubuci na da nasa hannu a ciki, kamfanin ɗab'i na da nasa, mai karatu ma haka.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan dabara. A littafi na ɗaya na Magana Jari Ce, Aku da labari yake riƙe ɗan sarki Musa, ya ja shi da zance har gari ya waye bai fita ba. Wanda kuma ya taɓa karɓar hayar littafin Hausa ya kai shafin ƙarshe, aka katse masa labari daidai inda numfashi ya ɗauke, aka ce sai a kashi na biyu, ya san irin zaryar da ake yi zuwa shagon mai littattafai ana tambaya ko ya iso. Bambancin shi ne a can jiran kwanaki ne ko watanni. A fagen da nake magana a kai, mutum yakan fara jerin littattafai yana sakandare, ya yi aure, ya haihu, bai ga ƙarshen labarin ba.

Iri biyu ne littattafan da suka fi jefa masu karatu cikin wannan hali. Akwai na almara, inda marubuci ke ƙago duniya sukutum: taswirarta, masarautunta, harsunanta, dodanninta, da dokokin da tsafi ke bi a cikinta. Akwai kuma waɗanda Turawa ke kira distofiya, kalma mai tushen Girkanci da ke nufin mugun wuri, kishiyar yutofiya, wato ƙasar da komai ya daidaita wadda Thomas More ya zana a littafinsa na 1516. Ni na fi son in kira su labaran baƙar gobe, domin suna ɗaukar duniyarmu ce su nuna ta bayan ta lalace. Sau da yawa a kanta ɗaya ake jera su a kanti, masu karatunsu ma kusan ɗaya ne, amma jiran da suke haifarwa ya sha bamban.

Me ya sa labarin almara ba ya cika tsayawa a littafi guda? Shiga sabuwar duniya aiki ne. Shafuka ɗari na farko mai karatu kamar baƙo yake a garin da bai san kowa ba: yana haddace sunaye, yana koyon wa ke gaba da wa, wane gida ne ke da jini a kan wane. Idan ya sha wannan wahala ya zama ɗan gari, ba ya son a sallame shi da wuri. Marubucin ma da ya ɓata shekaru yana gina duniyar ba ya son ya rushe ta bayan labari ɗaya. Kamfani kuwa ya san wanda ya sayi na ɗaya ya ji daɗi, ba sai an yi masa talla ba zai sayi na biyu.

Al'adar kasa labari gida uku ta samu gindin zama ne da J.R.R. Tolkien, kuma ba da son ransa ba. Shi littafi ɗaya ya rubuta, The Lord of the Rings. Kamfanin Allen & Unwin ne ya raba shi uku saboda tsadar takarda bayan Yaƙin Duniya na Biyu, aka fitar da su tsakanin 1954 da 1955. A lura da abu ɗaya: kafin kashin farko ya shiga kasuwa, Tolkien ya riga ya kai ƙarshen labarinsa. Waɗanda suka biyo bayansa sun ɗauki tsarin kashi-kashi, amma yawancinsu suna sayar da na farko alhali na ƙarshe yana cikin kai, ko ma bai shigo kan ba tukuna. Daga nan matsalar ta samo asali.

Babu misalin da ya kai na George R.R. Martin. Ya fitar da A Game of Thrones a 1996, da niyyar littattafai uku. Na biyu ya zo a 1998, na uku a 2000. Sai tafiya ta yi nauyi: na huɗu sai 2005, na biyar sai 2011. Na shida, The Winds of Winter, masu karatu sun haura shekara goma suna dakonsa, har shirin talabijin na HBO da aka gina a kan littattafan ya fara a 2011, ya wuce su, ya ƙare a 2019 da nasa ƙarshen.

Mutane da yawa na cewa lalaci ne, ko kuɗi ne suka sa ya kwanta. Ni ban gamsu da wannan ba, domin lissafin aikin da kansa ya isa ya bayyana jinkirin. Martin yana ba da labarinsa ne ta idon mutum guda a kowane babi. A littafin farko mutum takwas ne ke ɗauke da labarin. A na biyar sun ninka. Kowannensu yana wani gari, yana da abin da ya sani da abin da bai sani ba, kuma tafiya daga wannan gari zuwa wancan tana cin makonni a cikin labarin. Idan ana so mutum biyar su haɗu a birni ɗaya, sai an yanke wa zai riga wa isa, domin wanda ya riga zuwa shi zai sauya abin da na bayansa zai tarar. Martin da kansa ya bayyana yadda irin wannan ƙulli a birnin Meereen na cikin labarin ya riƙe shi shekaru, yana rubutawa yana warwarewa. Masaƙi ya san wannan: ƙara zare a farkon saƙa ba wuya, tattara bakin zaren duka a ƙarshe ba tare da ƙyallen ya karkace ba shi ne gwaninta. Buɗe asiri a labari yana ɗaukar shafi ɗaya, rufe shi yadda zai gamsar da mutumin da ya yi shekara goma yana tunani a kai yana iya cin shekara.

Martin yakan raba marubuta gida biyu, magina da masu lambu. Magini ba ya aza tubali sai ya zana gidan duka. Mai lambu yana shuka iri ne ya ga abin da zai tsiro, kuma a nan ya sa kansa. Rowling ta fi kusa da magina, ta sha faɗa cewa tun da wuri ta rubuta babin ƙarshe ta adana, shi ya sa jira mafi tsawo da ta sa masu karatunta bai wuce shekara uku ba, daga 2000 zuwa 2003. Sai dai rayuwar da ke cikin mutanen Martin, yadda suke yin abin da ba ka zata ba, daga wannan lambun ta fito. Abin da ya sa muka kamu da son littafin shi ne kuma ya hana shi ƙarewa.

Wani lokaci ajali ne ke shiga tsakani. Robert Jordan ya fara The Wheel of Time a 1990, ya rasu a 2007 saura littafi ɗaya a lissafinsa. Da yake ya san ciwonsa, ya bar bayanai masu yawa kan yadda labarin zai ƙare. Matarsa Harriet McDougal, wadda ita ce editarsa, ta zaɓi Brandon Sanderson ya ƙarasa. Littafi ɗayan nan sai da ya zama uku, na ƙarshe ya fito a 2013.

Saboda irin wannan, wasu masu karatu sun yi wa kansu doka: ba sa taɓa jerin da bai kammala ba. Ina fahimtarsu, amma dokar tana da illa. Kamfani cinikin littafin farko yake dubawa kafin ya yarda ya buga na biyu. Idan kowa ya naɗe hannu yana jiran a gama, sabon marubuci ba zai kai ga na uku ba. A ganina amana ce ta ɓangare biyu. Wanda ya rubuta "littafi na ɗaya" a bango ya ɗauki alkawari, bai kamata ya ɗauke shi da wasa ba. Wanda ya saya kuma ya sani mutum ne ke rubutun, mai gajiya da rashin lafiya da toshewar tunani.

Hannun kamfani a fili yake. Da farko a sanar da suna, bayan watanni a nuna bango, sannan a sa rana a buɗe oda tun kafin a buga. Odar nan tana da amfani biyu: tana nuna yawan kwafin da za a buga, kuma duk ana lissafa ta a cinikin makon farko, wanda ke ɗaga littafi zuwa jerin waɗanda suka fi kasuwa. Manyan littattafai kuma akan sa musu takunkumi, kantuna su sa hannu cewa ba za su buɗe kwali ba sai lokacin da aka tsayar. Masu fassara Harry Potter ba a ba su littafin sai bayan na Ingilishi ya fito, shi ya sa a 2003 Faransawa suka kasa haƙuri, suka saye na Ingilishin har ya hau saman jerin cinikin littattafai a Faransa. A 2022 Sanderson ya nuna iyakar abin: ya ce yana da littattafai huɗu da ya rubuta a ɓoye, ya nemi masu karatu su biya tun kafin su gani ta dandalin Kickstarter, aka tara masa sama da dala miliyan 41.

Amma abin da ya fi burge ni shi ne abin da mai karatu ke yi da shekarun jiran. Yana komawa baya ya sake karantawa, wannan karon a hankali, yana neman alamun da marubuci ya binne. Tsakanin 2005 da 2007 yara da manya sun yi ta muhawara kan ko wane ne mai haruffan R.A.B. da ya bar wasiƙa a littafi na shida na Harry Potter. Masu karatun Martin sun shafe shekaru suna haɗa hujjoji kan ko wace ce mahaifiyar Jon Snow. Wanda ya zo daga baya ya karanta duka cikin wata ɗaya ya samu labarin, amma wannan karatun mai zurfi ya wuce shi. Shi ya sa fasa ƙwai, wato gaya wa mutum ƙarshen labari bai nema ba, yake da zafi haka a wurinsu.

Labaran baƙar gobe kuwa, manyansu na farko ba su da kashi na biyu. Brave New World na Aldous Huxley a 1932, Nineteen Eighty-Four na George Orwell a 1949, Fahrenheit 451 na Ray Bradbury a 1953, kowanne shi kaɗai ya tsaya. Mai karanta su idan ya rufe littafi, labaran duniya yake komawa saurare yana jiran ya ga ko abin ya fara. A Janairun 2017, lokacin da gardama kan gaskiya da ƙarya a bakin mahukunta ta yi zafi a Amurka, littafin Orwell mai shekara kusan 70 ya koma na ɗaya a cinikin Amazon.

Nan ne ake yawan kuskure, a ɗauki marubutan nan kamar 'yan duba, a riƙa auna su da abin da suka canka daidai. Aikinsu ba haka yake tafiya ba. Suna ɗaukar abu ɗaya da ke gabansu ne su ja shi har iyakarsa. Orwell ya ga mulkin Stalin da na Hitler, ya yi aikin farfaganda a BBC lokacin yaƙi, ya zauna a Landan ta rabon abinci da kati. Margaret Atwood ta ce dokar da ta sa wa kanta a The Handmaid's Tale na 1985 ita ce ba za ta sa wani zalunci ba sai wanda ɗan Adam ya taɓa aikatawa a wani wuri. Suzanne Collins ta ce The Hunger Games ya faɗo mata ne tana sauya tashoshin talabijin tsakanin gasar nishaɗi da hotunan yaƙin Iraƙi, har biyun suka cakuɗe mata. Idan irin wannan littafi ya yi kama da yau, dalili shi ne cutar da ya gani tun jiya ba a magance ta ba.

Ko da suka zo da ci gaba, jiran nasu daban ne. Atwood ta yi shekara 34 kafin ta fitar da The Testaments a 2019. Collins kuwa baya ta koma: Sunrise on the Reaping na 2025 labarin gasar da Haymitch, ɗaya daga cikin mutanen The Hunger Games, ya shiga yana yaro ne, kuma duk wanda ya karanta littafin farko na 2008 ya san shi ya tsira. Ba wanda ya yi layi don ya ji wa zai ci. An je ne a ga yadda mulkin ya karya yaron har ya zama mashayin da aka sani.

Octavia Butler ce ta haɗa jiran nan biyu. A 1993 ta fitar da Parable of the Sower, labarin da ya fara a shekarar 2024 a wata unguwa mai katanga kusa da Los Angeles, inda ruwa ya yi tsada, gobara ta yawaita, hukuma ta zama suna kawai. Na biyu ya fito a 1998. Ta rasu a 2006, kuma sai a 2020 Parable of the Sower ya shiga jerin cinikin jaridar New York Times. A Janairun 2025 gobara ta ci unguwanni a Altadena, garin da aka binne ta, mutane suka sake ɗauko littafin. Ta yi niyyar na uku, ta ma raɗa masa suna Parable of the Trickster. Takardunta suna ɗakin karatu na Huntington a Kalifoniya, kuma a cikinsu akwai mafarin wannan littafi da ta rubuta sau da dama, kowanne ta kai wani wuri ta tsaya.