Ba Sabar Kundi Izinin Sabunta Sunaye a BIND: Ina Za a Ja Iyaka?

Tun da Paul Mockapetris ya fito da tsarin DNS a 1983, abin da aka saba shi ne mai kula da sabar sunaye ya buɗe fayil ɗin shiyya da hannunsa, ya rubuta suna da adireshinsa. A 1997 ne ƙa'idar RFC 2136 ta ba wata na'ura damar aiko da gyara kai tsaye. Abin da za mu duba a wannan maƙala shi ne wa ya cancanci wannan dama, kuma har zuwa ina.

Mu ƙaddara wata makaranta a Manga ta ƙasar Zuru tana da sabar BIND, sai ta kafa Active Directory, watau kundin da ya zo tare da Windows 2000 domin riƙe sunayen masu amfani da kalmominsu na sirri. Kwamfutoci ba sa gano inda kundin yake sai ta bayanan SRV, waɗanda sabar kundin ke rubutawa da kanta a ƙarƙashin _msdcs da _sites da _tcp da _udp. Muddin BIND ta ƙi karɓarsu, ɗalibi zai zauna ranar jarrabawa kwamfuta ta rasa mai tantance shi.

Hanya mafi sauƙi ita ce a sanya adireshin sabar kundin a cikin allow-update. To amma ana iya ƙirƙiro adireshi na jabu, kuma izinin ya game shiyyar baki ɗaya, har da sunan sabar wasiƙu. A ganinmu, wanda ya zaɓi wannan hanya ya wajaba ya ware waɗancan rassa huɗu, kowanne ya zama shiyya mai zaman kanta, ya buɗe su kaɗai, uwar shiyyar kuwa ta ci gaba da zama a rufe.

Hanyar da muka fi aminta da ita ita ce GSS-TSIG, wadda RFC 3645 ta bayyana a 2003. A nan sai an sa wa kowane gyara hannu da tikitin Kerberos. Ana buɗe wa BIND asusu a kundin, a fitar da fayil ɗin mabuɗinta, sannan a fayyace a update-policy irin sunan da kowace na'ura ke da ikon taɓawa. Sai dai Kerberos, a bisa tsarinsa na asali, ba ya yarda agogon na'urori biyu ya saɓa da fiye da minti 5. A inda wutar lantarki ke yawan ɗaukewa, batirin agogo ɗaya da ya mutu ya isa ya tsayar da sabuntawar, mai kula kuma ya wuni yana zargin mabuɗi. Saboda haka daidaita lokaci da NTP shi ne aikin farko.

Saura batun hannu. Da zarar shiyya ta fara karɓar gyara, BIND na tara shi a fayil mai ƙarshen .jnl. Wanda ke son gyara fayil ɗin shiyyar da kansa sai ya fara da rndc freeze, in ya gama ya bi da rndc thaw, in ba haka ba sabar za ta shafe abin da ya rubuta.