Yaro Mai Rawar Kai da Natsuwar Iyayensa

'Yan'uwana ɗalibai, bara da muka fita gwajin koyarwa aka ba ni aji ɗaya. A ciki akwai wani yaro ɗan shekara shida wanda ba ya iya zama ko na minti biyu. In na ce a buɗe littafi, shi yana ƙarƙashin benci. In na yi tambaya, ya amsa tun ban kai ƙarshe ba. Ran nan uwarsa ta zo ɗaukarsa, na kai mata ƙara. Ta ce, "Malam, kullum sai na doke shi har hannuna ya gaji, amma kamar zuga shi nake yi." Maganar nan ita ta sa na shiga bincike.

Ashe halin ba sabo ba ne. Tun 1902 wani likitan yara a Ingila, George Still, ya yi bayaninsa. Yau likitoci suna kiransa ADHD, watau kasa tsai da hankali tare da yawan motsi, an kuwa kimanta yara wajen 5 cikin 100 suna da shi. Ba rashin tarbiyya ke kawo shi ba, yawanci gado ne. Likita ne kaɗai zai tabbatar da shi, ba malamin aji ba.

To, akwai wata dabara ta horar da hankali, mutum ya lura da abin da yake ji a jikinsa da zuciyarsa yanzu-yanzu, ba tare da ya yi hanzarin aikata kome ba. Jon Kabat-Zinn ne ya shigar da ita asibiti a Jami'ar Massachusetts ta Amurka a 1979, darasin mako 8. Daga mabiya Buddha ya samo ta, ya cire mata sha'anin addini. Daga baya Susan Bögels ta Jami'ar Amsterdam ta shirya irinsa domin yara masu wannan hali tare da iyayensu. Da aka gwada, iyaye suka ce fushinsu da damuwarsu sun ragu, amma malaman makaranta ba su ga canji mai yawa ga yaran ba. Wannan ya nuna mini inda amfanin yake, watau wajen babba. Ko ƙungiyar likitocin yara ta Amurka cewa ta yi ɗan shekara 4 zuwa 5 a fara da horar da iyayensa kafin a kai ga magani.

Ga yadda abin yake. Yaro ya kifar da kwanon miya. Kafin hannu ya tashi, lalle akwai alama: ƙirji ya yi zafi, haƙora su cije. Uwa ta lura da wannan, ta ja numfashi sau uku a hankali. Sa'an nan ta durƙusa daidai tsawonsa, ta kira sunansa, ta ba shi umurni guda ɗaya tak. Amma fa ba a koyon wannan cikin fushi. Sai ta riƙa zama minti biyar kullum sa'ad da gida ya yi shiru, tana bin numfashinta, in hankali ya tafi ta komo da shi.

Shi kuwa yaro, nasa wasa ne. A buga tasa da cokali, ya ɗaga hannu in ƙarar ta ɗauke. Minti ɗaya ya isa, kada kuma a mai da shi horo.

Na gaya wa uwar nan duk wannan, na kuma roƙe ta ta kai shi ga likita. Ran da zan bar makarantar ta ce mini kwana huɗu ke nan ba ta taɓa shi ba. Shi ko muna cikin maganar yana bisa taga.