Musayar tsofaffin jif: Land Rover ɗinmu ko Land Cruiser ɗin Alhaji?

Yau babu siyasa, babu batun katin zaɓe. Maganar mota za mu yi, kuma wanda ya ce me ya haɗa shirin matasa da tsohuwar mota, ya ɗan yi haƙuri ya ji.

Duk wanda ya san mu a Samaru ya san farar Land Rover ɗin da muke shiga ƙauyuka da ita. Ƙirar 110 ce ta tsakiyar shekarun 1980, ta girme ni nesa ba kusa ba. Ita ke kai mu ƙauyukan bayan Shika da na wajen Giwa da Kudan a watan Agusta, lokacin da hanya ke komawa taɓo, ɗan acaɓa ma sai ya sauke ka ku tura tare. Sau biyu tana ɗauko mai naƙuda da tsakar dare. Shi ya sa zancenta ba wasa ba ne a wurinmu.

Mako uku da suka wuce wani Alhaji a Sabon Gari ya aiko mana. Yana da Land Cruiser ƙirar FJ60, sa'ar tamu, yana so mu yi musaya mu cika masa naira dubu 800. Abokan tafiyata suka rikice, kowa na cewa, "Kai, Toyota ce fa!" Ni ma wallahi raina ya biya. Sunan nan ba a banza ya samu ba. Ko a yaƙin Chadi da Libiya na 1987, da Hilux da Land Cruiser sojojin Chadi suka fatattaki tankokin Gaddafi, har aka laƙaba wa yaƙin sunan Toyota. Amma kuɗin ba nawa ba ne, karo-karon mutane ne, don haka na ce a tsaya a auna.

Bari in fara da yadda kowacce ke jan ƙafa huɗu, abin da direbobi ke kira ogzilari. Tamu kullum tayoyinta huɗu na ja, ko a kan kwalta. In ka zo taɓo sai ka tura ƙaramar giya ka kulle tsakiya, gaba da baya su riƙa juyawa tare. Ta Alhaji kuwa tayoyin baya ne kawai ke ja a tafiyar yau da kullum. In hanya ta ɓaci sai ka sauka, ka murɗa makullin da ke cibiyar tayoyin gaba, ka dawo ka sa ogzilari. Kun ga ke nan in ba ka sauka da wuri ba, a cikin caɓi za ka sauka. Ba wani babban aibi ba ne, sabo ne kawai.

Sai zama. Tun 1983 da aka fito da 110, Land Rover ta koma sifirin mai murɗi, shi ya sa in taya ɗaya ta faɗa rami sauran na nan a ƙasa suna ja, kuma marar lafiyan da ke baya ba ya shan jijjiga sosai. FJ60 sifirin faranti ne gaba da baya, irin na manyan motoci. Yana ɗaukar kaya, kuma in ɗaya ya karye kowane mai walda a bakin hanya zai ɗaure maka shi ka isa gida, amma a hanya mai gargada za ka ji a ƙugunka.

Inda ta Alhaji ta yi wa tamu fintinkau shi ne inji. Tana da 2F, mai silinda shida, lita 4.2, na fetur. Babu bel ɗin taimin a cikinsa, haƙoran ƙarfe ne ke haɗa shi, don haka babu fargabar tsinkewa. Tamu ɗan injin gas ne mai silinda huɗu, lita 2.5, ƙarfinsa wajen rabin na wancan. In muka hau titin Funtuwa har tirela na yi mana hon. Kuma bel gare shi, wanda in ya tsinke kana cikin tafiya, to ka shirya buɗe inji. Ga yoyon baƙin mai, duk inda ta kwana sai ta bar shaida a ƙasa.

To in haka ne me ya hana mu karɓa nan take? Abu na farko, shan mai. Na roƙi Alhaji ya ba mu aron motar kwana biyu, kuma ya kyauta, ya bayar. Muka cika tanki, muka bi hanyar da muka saba, muka dawo muka sake cikawa. Lissafin da ya fito, lita ɗaya na kai ta kilomita 5 da ɗan wani abu, tamu kuwa tana yin kusan 9. A da ana iya kawar da kai, tunda fetur na da tallafi gas ba shi da shi. Amma tun 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin, wannan rangwamen ya tafi. Ko da litar gas ta fi tsada, in ka lissafa kuɗin kowace fita, mota mai ƙishirwa irin wannan za ta rage mana yawan ƙauyukan da muke zuwa a wata. Wannan kuwa shi ne aikin gaba ɗaya.

Abu na biyu shi ya fi ba ni mamaki, kuma a nan nake so masu sha'awar tsohuwar mota su buɗe kunne. Kowa na cewa kayan gyaran Toyota kamar ƙasa suke. Gaskiya ne, amma na wace Toyota? Na rubuta abu uku a takarda: famfon ruwa, farantin kuloci, da kayan kafireta. Na zaga shagunan Sabon Gari ina tambayar na FJ60. Na Hilux da Hiace da Corolla ko'ina akwai. Na 2F kuwa, wani ya ce sai dai a duba Panteka a Kaduna, wani ya ce Ƙofar Ruwa a Kano, wani ya ce in ba da kuɗi a turo daga Ladipo ta Legas. Injin da aka daina sa wa mota tun shekarun 1980, sunan kamfani ba ya sa kayansa su tsiro a shago. Na Land Rover ma haka suke da wuya, ba na ɓoyewa. Bambancin shi ne mu mun riga mun san wa za mu kira, kuma bakanikenmu dattijo ne da ya yi ƙuruciyarsa a kan Land Rover ɗin ma'aikatun gwamnati, da kunne yake gane ciwonta.

Shi ne ma ya shiga ƙarƙashin motar Alhaji da guduma da tocila. Ya ce mini, "Ɗana, fenti ba ya tafiya daji, shasi ne ke tafiya." Ku riƙe wannan: jikin Land Rover alminiyom ne, ba ya tsatsa, shi ya sa take yaudarar mutane, sai ka ga waje fes alhali shasinta da bangon gaban direba, waɗanda ƙarfe ne, sun ruɓe. Land Cruiser kuwa duk jikinta ƙarfe ne, tsatsa na cin bakin tayoyin baya da gefen rufi. A nan Zariya iska busasshiya ce, mota na daɗewa, amma in ta yi zaman Legas ko Fatakwal labari ya canza. Shasin ta Alhaji lafiya lau, sai dai bakin tayoyin baya, da Baba ya kai maganaɗisu bai kama ba. An cike wurin da fila an fesa fenti. Ba na ce Alhaji ya sani ba, shi ma haka ya saya.

Takardu kuma, kada wanda ya yi musaya da baki. Musaya ciniki biyu ne a lokaci ɗaya, kowa mai saye ne kuma mai sayarwa. A duba lambar shasi da ta inji su dace da abin da ke rubuce, a rubuta yarjejeniya da shaidu, a yi canjin mallaka. In ba haka ba, ranar da aka tare motar a shingen hanya, ko wani abu ya faru da wadda ka bayar, sunanka ne a jiki.

Da muka zauna, ni na ce kada a yi, kuma ba kowa ya ji daɗi ba. Hujjar masu so tana da ƙarfi: ta Alhaji ta fi gudu, ta fi shiru, ta fi daɗin doguwar tafiya, kuma da Kaduna ko Kano muke yawan zuwa da ni ma na bi su. Amma tafiyarmu gajera ce, mai taɓo, kuma kuɗin mai daga aljihunmu yake fita. Matsalolin tamu mun san su ɗaya bayan ɗaya, na waccan kuwa kwana biyu kawai muka gani, ga damina ta ƙarato.

Mun koma mun yi wa Alhaji godiya, muka ce in motar na nan bayan kaka za mu sake magana, amma ba da ciko ba. Daga kuɗin da aka tara an sayi sabon bel ɗin taimin da tayoyi biyu, sauran an ajiye na gas. Yoyon baƙin man dai yana nan, Baba ya ce ranar da ta daina ɗiga, to ka duba, man ne ya ƙare.

Mai FJ60 a cikinku, ko wanda ya san inda ake samun kayan 2F a kusa, ya rubuto mana. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.