Ƙarin Girma Da Adalcin Shugaba: Abin Da Ke Raya Ma'aikacin Gwamnatin Tarayya

A ma'aikatun gwamnatin tarayya, ƙa'idar ƙarin girma a rubuce take. Ma'aikacin da ke matakin albashi na 6 zuwa ƙasa yakan cancanci ƙarin girma bayan shekara 2, na mataki na 7 zuwa na 14 bayan shekara 3, na mataki na 15 zuwa sama kuwa bayan shekara 4. Sai dai cancanta ba ta samar da gurbi. Mutum kan ci jarrabawa a ce masa babu gurbi, ya ci gaba da zama a kujerarsa yana kallon ritaya na matsowa: shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa. A nan ne himmar ma'aikata da dama ke fara dusashewa.

Wannan tsani mai matakai 17 ya samo asali ne daga rahoton Kwamitin Jerome Udoji na 1974. Shekara guda bayan haka, gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sallami ma'aikata fiye da 10,000, da yawansu ba tare da an saurari bahasinsu ba. An yi hakan da nufin tsaftace aikin gwamnati, amma waɗanda suka tsira sun fahimci cewa kujerarsu ba ta da tabbas. A 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta mayar da manyan sakatarori daraktoci-janar masu tafiya da tafiyar gwamnatin da ta naɗa su, kafin Kwamitin Allison Ayida ya ba da shawarar komawa tsohon tsari.

Wa'adin daraktoci ma ya sha irin wannan kai-komo. A 2009, zamanin Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, lokacin da Stephen Oronsaye ke shugabantar ma'aikata, aka ƙayyade wa darakta shekara 8, babban sakatare kuma shekara 4 da za a iya sabuntawa sau ɗaya, domin a buɗe wa na ƙasa hanya. Gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta dakatar da tsarin a 2016, sannan aka dawo da shi a 2023 cikin sabbin dokokin aikin gwamnati. Duk lokacin da aka juya akalar, lissafin mataimakan daraktocin da ke jiran gurbi sai ya rushe, wasu har su yi ritaya ba su kai inda suka hango ba.

Bayan tsari sai shugaba. Shekara da shekaru ana auna ƙwazo da fom ɗin APER, wanda shugaban sashe ke cikewa a ƙarshen shekara. An daɗe ana kukan cewa kusan kowa na samun maki mai yawa, mai ƙoƙari da malalaci, kuma wanda ya saɓa da ogansa na iya kwana ciki. Shi ya sa ofishin shugabar ma'aikata, tun zamanin Folasade Yemi-Esan, ya fara sauya shi da tsarin PMS, inda ma'aikaci da shugabansa ke amincewa tun farkon shekara kan aikin da za a auna. Amfanin sabon tsarin ya dogara ga shugaban da zai zauna da na ƙasa da shi ya faɗa masa gaskiya.

Sashe na 14(3) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta daidaita rabon muƙamai tsakanin sassan ƙasar nan, akwai kuma hukumar da aka kafa a 1996 domin sa ido kan hakan. Amma adalcin da ma'aikaci ke ji a jikinsa yana cikin al'amuran yau da kullum: wa aka tura kwas, wa aka saka a tafiyar aiki mai alawus, wa aka mayar sashen da babu aikin yi. Masu takardar HND kuma sun daɗe suna kokawa kan yadda ake tsayar da su a mataki na 14. Hadiman 'yan majalisa da na ministoci sun fi kowa sanin tasirin halin shugaba, domin aikinsu na ƙarewa da ƙarewar wa'adin maigidansu.

Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 ya shafi aljihu ne. Abin da ya rage yana hannun daraktoci da shugabannin sassa: su bayyana guraben da ake da su kafin jarrabawa, su riƙa raba kwas da tafiye-tafiye bisa jadawalin da kowa ya gani, su kuma rubuta wa ma'aikaci dalili idan aka hana shi ƙarin girma.