Ko ka sani? Hoton da aka buga da firinta ma yana tsufa

Ko ka san cewa hoton da aka buga maka a wani shago a Funtua ko Malumfashi ya fara koɗewa tun ranar da ya fito daga inji? Yawancin ƙananan shaguna sun daina wanke hoto da sinadari kamar da. Abin da suke aiki da shi yanzu firinta ce mai fesa tawada, tana yayyafa ɗigo ƙanana da ido ba ya iya rabewa a kan takarda. Tawadar iri biyu ce. Akwai ta rini, wadda ke narkewa ta shige jikin takarda. Ga ɗaukar ido, ga araha, amma haske na cin ta da wuri, kamar zanen da bai kama rini ba aka yi ta shanya shi a rana. Akwai kuma ta garin launi, ƙwayoyi masu tauri da ba sa narkewa. Ta fi tsada, ta kuma fi daɗewa nesa ba kusa ba. Launukan ba sa gushewa tare, shi ya sa za ka ga hoton saukar Alƙur'ani a bangon zaure, farar rigar malam ta koma ruwan ɗorawa, fuskokin yara sun yi kore-kore.

To, ina maganar shekara ɗari da kamfanoni ke rubutawa a kwalin takarda? Ba wanda ya zauna ya jira shekara ɗari. Ana sa hoton ne ƙarƙashin fitila mai tsananin haske na wasu watanni, a auna yadda ya koɗe, sannan a yi lissafi. Lissafin nan kuwa ya dogara da hasken da aka ƙaddara ɗakinka yana samu. Henry Wilhelm, wanda cibiyarsa da ke jihar Iowa a Amurka ta yi fice a wannan gwaji, yana ƙaddara haske mai ƙarfin luks 450, awa 12 kullum. Kamfanin Kodak ya yi amfani da luks 120. Da wannan bambanci kaɗai, hoto ɗaya zai iya samun shekaru kusan ninki huɗu a takarda. Ba ma haske ne kaɗai abokin gaba ba: a shekarar 2000 hotunan wasu firintocin Epson da aka yi wa alƙawarin daɗewa suka riƙa komawa ruwan lemo cikin ɗan lokaci, domin iskar ozon ta cinye shuɗin launi, abin da gwajin fitila bai hango ba.

Yanzu a kawo lissafin gida. Ɗakin gwajin Wilhelm yana da zafin digiri 24 da danshi daidaitacce. Ɗakin manomi a Bakori ko Kafur fa? A watan Afrilu rufin kwano yana toya duk abin da ke ƙarƙashinsa, zafi kuwa yana hanzarta lalacewar rini. A Agusta, da damina ta zauna, bango ya sha danshi, tawada ta naso, hoto ya manne da gilashi, wani lokaci har fumfuna. Ga hayaƙin murhu, ga ƙurar hunturu, ga ranar da ke shigowa ta taga, wadda a fili take iya kai luks 100,000. Babban abin ma shi ne, adadin da ke kan kwali na tawadar kamfanin ne a kan takardar kamfanin. Da an ɗura wata tawadar kwalba marar suna, an yi amfani da wata takarda, alƙawarin ya tashi. Ban ga laifin mai hoto ba a nan. Kuɗin da muke biya ne ya tura shi can.

Wani zai ce ashe gwajin ba shi da amfani ke nan. Yana da shi ƙwarai, amma wajen kwatantawa. In aka gwada tawada biyu a wuri guda da ma'auni guda, wadda ta fi juriya can ita za ta fi juriya a Danja ma. Adadin shekarun ne kawai ba abin riƙewa ba. Wani kuma zai ce ai hoton yana cikin waya. Waya tana ɓata, tana faɗawa ruwa, memori yana mutuwa ba sallama. Ga gidaje da yawa, takardar nan ita ce kaɗai kamannin uba ko kaka da jikoki za su gani.

Hoton fasfo na cike takardar taki ba ya buƙatar wannan wahala. Amma in na aure ne, ko na suna, ko na iyaye, ka tambayi mai shago wace tawada ce a injinsa, ka ƙara kuɗi a yi maka da ta garin launi in akwai. Ka sa a buga biyu: ɗaya a firam mai gilashi, nesa da taga da murhu, ɗaya a albam cikin akwati, inda ba haske ba danshi. Ka kuma karɓi asalin hoton a wayarka, ka tura wa wani ɗan'uwa ya ajiye.