Lasifika Na Ɗas-Ɗas, Sai Ka Karya Ƙafar Fulogi?

Duk wanda ya ratsa Sabon Gari a Minna da yamma ya san kwamfutar cinya da lasifika sun zama ɗan juma da ɗan jummai. Mai DJ a gidan biki da su yake aiki, haka mai gidan kallon ƙwallo, da yaron da ke tura wa mutane waƙoƙi da finafinai a waya, da makarantar Islamiyya ranar walimar sauka. Ɗaliban jami'ar fasaha ta Bosso da Gidan Kwano ma ba a bar su a baya ba. Kukan kowa kuma ɗaya ne: ana cikin sauraro sai lasifika ta yi ɗas, ta sake yin ɗas-ɗas, ko ta riƙa wani gurnani a ƙasan sauti wanda ba ya yankewa.

Wannan ƙara ba aljanu ba ne, kuma yawanci ba lasifikar ce ta lalace ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganin da na ga ana yi mata. A wata walima a unguwarmu, gurnanin ya hana a ji karatun yara. Wani matashi ya taso da filaya, ya zare fulogin amfilifaya daga soket, ya kama doguwar ƙafar nan ta sama ya murɗe ta har ta karye, ya mayar. Nan take ƙara ta ɗauke. Jama'a suka shiga yaba masa, wani dattijo har da cewa, "Allah ya yi maka albarka, injiniya." Daga nan aka miƙa wa yarinya 'yar shekara goma makirfo mai kan ƙarfe, tana tsaye ba takalmi a kan simintin da aka yayyafa wa ruwa don kwantar da ƙura.

Abin haushin shi ne dabarar tana aiki, shi ya sa ta yaɗu. Je ka duba akwatin wayoyin masu hayar kayan sauti, ka ƙirga fulogi nawa ne ƙafarsu uku ta cika. Wasu ma sun wuce nan, sun yanke kan fulogin gaba ɗaya, tsirarar waya suke cusawa a soket su danne da tsinken ashana. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Ƙafar nan ta uku ba ado ba ce. Wutar da ke shigowa gidajenmu ƙarfinta bolt 230 ne, kuma ƙafafu biyu na ƙasa su ke ɗauke da ita. Ta saman ita ce wayar ƙasa, an haɗa ta da gangar jikin amfilifaya. Ranar da wata waya ta saɓule a ciki ta taɓa ƙarfen, wutar za ta bi wannan ƙafa ta gudu ƙasa, fis ɗin da ke cikin fulogi ya ƙone, komai ya tsaya. Idan ka karya ta, jikin na'urar zai zauna cike da wuta shiru, ba alama, kuma ƙarfen makirfo a haɗe yake da shi ta cikin wayarsa. Wanda ya riƙe shi ne zai zama hanyar da wutar za ta bi. A shekarar 1972, a garin Swansea na Birtaniya, wani makaɗin jita mai suna Leslie Harvey ya mutu a gaban 'yan kallo bayan ya taɓa makirfon da ba shi da wayar ƙasa. Mu da muke jihar da ke da tashar wutar Kainji da aka kammala a 1968, da Shiroro mai megawat 600 tun 1990, ga kuma Zungeru ta biyo baya, ya kamata a ce mun fi kowa sanin wuta ba abokiyar wasa ba ce.

To daga ina gurnanin yake? Sau da yawa kwamfuta tana jone a wannan soket, amfilifaya a wancan na can bango, wayar sauti kuma ta haɗa su. Ƙasan soket biyun ba daidai yake ba, sai 'yar wuta ƙanƙanuwa ta riƙa zagayawa ta cikin wayar sauti, amfilifaya ta ɗauke ta ta ƙara mata ƙarfi kamar yadda take yi wa waƙa. Wutarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, wannan kaɗawar ce kake ji. Karya ƙafa yana yanke zagayen, gaskiya ne, amma akwai hanyar yanke shi ba tare da an sa ran kowa a caca ba. A jona kwamfuta da lasifika da mahaɗin sauti duk a ekstenshan guda mai kyau, mai rami uku na gaske. Idan gurnanin bai ɗauke ba, akwai 'yar na'ura da ake sawa a tsakiyar wayar sauti, mai ƙaramin taransifoma a ciki, tana barin sauti ya wuce ta tare waccan wuta. A tambayi masu sayar da kayan sauti, ko masu kayan kwamfuta a rukunin shagunan Obasanjo da ke wajen Mobil. 

Kafin ma a kashe ko sisi, akwai gwajin da ba ya cin minti biyu, amma mutane sun gwammace su kinkimi akwatin lasifika a Keke zuwa wurin mai gyara. Zare caja daga jikin kwamfuta, ka bar ta a kan batir. Idan ƙarar ta ɗauke, laifin na caja ne ko na layin wuta. Nan ma sai na yi faɗa. Mutum zai sayi kwamfuta da dubban ɗaruruwa, caja ta mutu, ya je ya ɗauko ta araha, wadda in ka ɗaga ba ta da nauyin komai saboda an rage kayan da ke tace wuta a cikinta. Irin wannan caja ita ke watsa ƙara cikin sauti, kuma idan ka goga bayan hannunka a jikin kwamfutar za ka ji wani ɗan yarr. Kada ka ce ai haka take. Araha ba ta ado.

Idan an zare caja ƙara na nan, cire wayar lasifika ka sa iyafis a ramin. Ka ji ɗas-ɗas a kunnenka? To daga kwamfuta ne. Ba ka ji ba? Waya ce ko lasifika. Kaɗa wayar a hankali kusa da kanta, in ta yi ƙara ta karye daga ciki, a sake wata. Ramin nan mai faɗin milimita 3.5 yana cika da ƙurar hunturu, a kashe kwamfuta a goge shi da 'yar auduga da sifirit, ban da allura, ban da hura masa iska da baki. Idan ramin ya riga ya saki, ƙaramin katin sauti na USB zai maye gurbinsa.

Akwai ɗas ɗin da ke zuwa sau ɗaya tak a farkon waƙa, ko 'yan daƙiƙu bayan ta ƙare. Wannan kwamfutar ce ke kashe sashen sautinta don tattalin batir, in ya farka sai ya yi ƙara. Ba cuta ba ce babba. A sauya tsarin wuta na Windows zuwa mai cikakken ƙarfi, a kashe ƙarin kwalliyar sauti a saitin lasifika, a sabunta manhajar da ke tafiyar da katin sauti daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar. Wanda kuma ya buɗe shafuka ashirin a intanet yana kunna waƙa a tsohuwar kwamfuta, kada ya yi mamaki in sauti ya riƙa tsinkewa. Wayar hannu da aka ajiye a kan lasifika ita ma tana sa ta yin dit-dit kafin kira ya shigo. Firiji ko fanka ko injin jan ruwa a layi guda da kayan sauti, duk sanda suka tashi sai an ji.

Sai kuma gum ɗin nan mai razana jarirai, wanda ganganci ne tsagwaronsa. Yaro zai bar amfilifaya a kunne, murya a ƙure, ya zare waya daga kwamfuta ya soka a wayarsa ta hannu don ya sa waƙar da amarya ta nema. Duba takardar lasifika a wannan lokaci, za ka ga ta yi tsalle waje kamar za ta yage. 'Yan ƙananan lasifikun sama masu fitar da siririn sauti su ke fara mutuwa, sai a ce kayan jabu ne. Ƙa'idar ba ta da wuya: amfilifaya ce ƙarshen kunnawa, ita ce farkon kashewa, kuma ba a taɓa waya sai an sauke murya ƙasa. Haka in an ɗauke wuta za a tada janareta, a kashe amfilifaya tukuna, a bar injin ya daidaita, sannan a kunna. Muryar kwamfuta a tsayar da ita wajen kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari, sauran a ƙara daga jikin lasifika.

Ga masu kwamitin masallaci da shugabannin Islamiyya da iyayen biki, ku ke biyan kuɗin haya, kuna da ikon dubawa. Kafin a kunna komai a ce, "Malam, nuna mana fuloginka." Mai karyayyar ƙafa ko tsirarar waya a sa ya canza, sabon kan fulogi mai fis yana nan a kowane shagon kayan wuta a kasuwar Kure. A kuma sani ƙafa uku ba ta amfanin komai idan ginin kansa ba a ja masa wayar ƙasa ba, domin akwai shaguna da ɗakunan haya da waya biyu kawai aka ja musu don rage kuɗi. A kira mai aikin wuta ya buɗe soket ya duba, in babu, ya kafa sandar ƙarfe a ƙasa ya ja waya zuwa akwatin wuta, musamman a inda yara ke karɓar makirfo.