Gadon Maharbi da Haƙƙin Naman Daji

  Darasinmu na wanga mako a kan farauta yake.

Kun san gardamar da ake yi. Maharbi ya ce: "Farauta gadona ce, ubana ya yi, kakana ya yi, wa zai hana ni?" Ma'aikacin gandun daji kuma ya ce: "Ina takardarka?" Kowanensu yana da tasa gaskiya. Abin da muke so ku gane a yau shi ne, gadon farauta yana nan, doka ma ta san da shi, amma ranar da naman daji ya ƙare, ranar gadon ya mutu. Saboda haka mai gadon shi ya fi kowa cancantar tsaron dabbar.

Yadda kakanninmu sunka tsara farauta

A da, ba kowa ke ɗaukar baka ya faɗa daji yadda ya ga dama ba. Maharba suna da shugabanni, sarkin baka ko sarkin dawa, kuma daji yana da lokacin rufewa da na buɗewa. Tun daga faɗuwar ruwa har a gama kaka, babbar farauta a tsaye take. Sai an yi buɗin daji sannan samari su fito da karnuka da gora. A Masalata, kusa da Birnin Ƙonni, an san taron buɗin daji da ake yi shekara-shekara, mutane na zuwa daga nesa.

Ku duba hikimar da ke ciki. Da damina ne zabin daji ke ƙwai cikin ciyawa, lokacin ne kuma yawancin dabbobi ke renon ƴaƴansu. Rufe daji na waɗanga watanni shi ke ba su damar hayayyafa. Ban da wannan, kayan farautar kansu suna da iyaka. Mai kibiya da kare a ƙasa yake tafiya, kuma kowa ya ci zomo ya ci gudu. In ya samu barewa guda, ya ɗauko ta a kafaɗa, farautar ranar ta ƙare.

Me ya cinye naman daji?

Ku tambayi tsofaffi, za su ba ku labarin garken barewa da jimina da mariri a Azawak, arewa da mu. Yau yaro na iya girma a Afala bai taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu ba. Abu uku ne sunka haɗu.

Na farko fari. Farin 1973 da 1974, da na 1984, bai tsaya ga shanu da tumaki ba, ya kashe na dawa ma.

Na biyu ƙaruwar jama'a. A 1960, ƴan Nijar wajen miliyan 3 ne. Ƙidayar 2012 ta samu fiye da miliyan 17. A 1961 anka yi dokar da ta shata iyakar noma daga arewa, don a bar makiyaya da filinsu, amma gonaki sun ƙetare wagga iyaka a wurare da dama. Rijiyoyi masu zurfi da anka gina a arewa sun sa dabbobin gida suna zama shekara cur a inda a da ake bar wa na dawa da rani.

Na uku, wanda ya fi muni, mota da bindiga. Barewa ta fi kare gudu, amma ba ta gajiyar da mota. Ana kora ta a fili har numfashinta ya ƙare, ko a haska mata fitila da dare ta tsaya cik a harbe ta. Abin da maharbin gari ba ya kashewa cikin shekara, mai mota na kwashe shi a dare guda, ya kai birni ya sayar.

Ga sakamakon. A shekara ta 2000 masana sunka bayyana cewa babu sauran mariri a cikin daji ko'ina a duniya, sai na tsare. Akwai kuma wata farar dabbar hamada mai murɗaɗɗen ƙaho, wadda ake kira adaks. Da anka yi bincikenta ta sama da ta ƙasa a yankin Tarmit a 2016, guda 3 kacal anka gani.

Abin da doka ta ce

Cikin shekarun 1970 gwamnati ta rufe farauta a duk faɗin ƙasa, kuma ta daɗe a rufe. Ran 29 ga Afrilu 1998 anka sa hannu kan doka mai lamba 98-07, wadda ta tsara farauta da kare naman daji. Wagga doka ta kasa takardun izini kashi-kashi, kuma ɗaya daga ciki ita ce takardar farautar gargajiya. Mai ita yana iya farauta cikin yankin garinsu, don abincin gidansa ko don wata hidimar al'ada. Ba ta ba shi izinin kasuwanci da naman ba, ba ta kuma ba shi izinin shiga gandun da anka keɓe ba.

Dokar ta haramta wa kowa, talaka da mai kuɗi, ɗan ƙasa da baƙo, waɗanga abubuwa: farauta bayan an rufe lokacinta, farauta a cikin mota, farautar dare ko da fitila ko babu, kora da wuta, sa guba, da amfani da makaman yaƙi. Akwai kuma dabbobin da ba a taɓa su ko da wace takarda ta farauta, kamar raƙumin dawa da giwa da jimina da adaks.

In kun lura, yawancin abin da doka ta hana, ba kayan maharbin gargajiya ba ne. Rufe daji na wasu watanni kuwa, kakanninmu sun riga gwamnati.

Ragon dutse

Mu ɗauki dabba guda mu duba. A duwatsun Abzin da na Tarmit akwai ragon dutse. Jiki gare shi ja-ja kamar launin dutsen da yake zaune a kai, da manyan ƙahoni masu lanƙwasa baya, da dogon gashi daga maƙogwaro har ƙafafun gaba. Yana iya daɗewa bai sha ruwa ba, ɗanyen ganye ya ishe shi. Mota ba ta hawa inda yake hawa, shi ya sa ya fi mariri tsira. Amma haihuwarsa kaɗan ce: ciki na wata biyar da ƴan kwanaki, ɗa guda ko biyu. In anka tare shi a bakin ruwa da bindiga lokacin fari, garken dutse guda na iya ƙarewa, kuma da wuya wani garke ya ratso hamada ya maye gurbinsa. Don kare irinsa ne anka keɓe gandun Abzin da Tenere a 1988, mai faɗin murabba'in kilomita fiye da 77,000, sannan na Tarmit da Tintumma a 2012.

Yadda wasu sunka yi a Amurka

Wagga gardama ba tamu ce mu kaɗai ba. A yammacin Amurka akwai ƙabilu ƴan asalin ƙasar, waɗanda Turawa sunka taras. Su ma suna da nasu ragon dutse mai ƙaton ƙaho, da wata babbar dabba da suke kira elk, mai girman gwanki, ƙahonta da rassa kamar icce. A 1868 ƙabilar Kuro ta yi yarjejeniya da gwamnatin Amurka: sun bar mata ƙasa mai yawa, ita kuma ta yarda su ci gaba da farauta a filayen da ba kowa, muddin akwai naman daji a wurin. Ku riƙe wanga sharaɗi na ƙarshe.

A 2014 wani ɗan ƙabilar ya harbi elk a dajin gwamnati cikin jihar Wayomin, a lokacin da farauta ke rufe, anka ci shi tara. Magana ta kai Kotun Ƙoli, kuma a 2019 alƙalai 5 cikin 9 sunka ce alkawarin 1868 bai mutu ba. Duk da haka, a shari'ar ƙasar, hukuma na iya taƙaita irin wanga haƙƙi in ya zama dole don kada dabbar ta ƙare.

A cikin jihar dai, a yankin Wind River na ƙabilun Shoshoni da Arapaho, naman daji ya yi ƙasa sosai saboda kowa na harbi ba lokaci, ba adadi. A 1984 anka kafa dokar farauta ta yankin, mai lokacin buɗewa da adadin da kowa zai kashe, kuma ƴan ƙabilun ke da ma'aikatan da ke tsare ta. Cikin ƴan shekaru garkunan sunka farfaɗo. An kuma gano wani abu da ya kamata makiyayanmu su ji: tumakin gida suna shafa wa ragon dutse ciwon huhu, wanda ke iya kashe yawancin garke, don haka ake raba musu wurin kiwo.

Mu yi lissafi

Ku ɗauko allo. Mu ƙaddara daji yana da barewa 40, mata 20, maza 20. Kowace mace ta haifi ɗa guda, ƴaƴa 20 ke nan. Dila da yunwa sun ci rabi, saura 10. Tsofaffi 4 sun mutu. Ƙarin shekara nawa ne? 10 a cire 4, saura 6. In maharba sunka ɗauki maza 4 bayan buɗin daji, garke ya koma 42, kuma matan duk suna nan. In kuwa mota ta zo ta kashe 15, har da mata 10, baɗi haihuwa ta ragu da rabi. Shekara uku a haka, sai labari. Dabba kamar hatsin rumbu take: ana cin ƙari, ana barin iri.

Kada ku ce aikin banza ne. A 1996 raƙuman dawa 49 ne kawai sunka rage a yankin Kure, kusa da Yamai. Da mutanen ƙauyukan wurin sunka haɗa kai da ma'aikata, bayan fiye da shekara ashirin sun haura 600. A Nuwamba 2018 anka ɗauki 8 daga cikinsu anka kai gandun Gadabeji na ƙasar Dakoro, wanda anka keɓe tun 1955. A Cadi kuma, tun 2016 ake sakin mariri cikin daji, har sun hayayyafa.

Abin da ya rage gare mu

Iyayenmu maharba, ku je ofishin gandun daji mafi kusa ku tambayi lokacin buɗe farauta da yadda ake samun takarda. In an ba ku, ku karanta ta da kanku, don amfanin karatun ke nan. Ku bar mace mai ciki da mai shayarwa. Ku sami littafi guda a hannun sarkin baka, a riƙa rubuta abin da anka gani da abin da anka kashe, da wata da wuri. Gari mai irin wanga littafi yana da bakin magana gaban hukuma. In kun ga mota na kora da dare, ku sanar da mai gari da ma'aikata, kada ku tare ta da kanku. Samari, ku daina kwasar ƙwan zabin daji da kama ƴaƴan barewa don sayarwa. Makiyaya da matafiya, a kashe wuta kafin a tashi.

Ga tambayoyin da za ku tattauna a ajinku kafin mako mai zuwa:

1. Waɗanne dabbobi ne tsofaffin garinku sunka sani, waɗanda babu su yanzu?
2. A wane wata ake buɗin daji a wajenku, kuma wa ke ba da izini?
3. In barewa 60 ce a dajinku, rabi mata, nawa za a iya ɗauka a shekara ba tare da garken ya ragu ba?

Ku rubuto amsoshinku ta hannun malaminku, za mu karanta wasu a shiri na gaba. Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai wani mako.